Ma'aikaci da Gidan Haya a Kewayen Abuja

Kowace shekara samari da magidanta masu yawa daga gundumomin Arewa su kan sami takardar ɗauka aiki, ko ta canjin wurin aiki, zuwa Abuja. Ran da takardar ta iso gida ya kan cika da murna, 'yan'uwa su yi ta zuwa barka. Amma kafin wata ya kewayo sai murnar ta ci karo da tambayar da takardar ba ta amsa ba, watau ina ma'aikacin zai kwana. An shirya wannan darasi domin hakimai da magatakardansu, gama su ne a ke zuwa yi wa sallama kafin tafiya, su ne kuma a ke kawo wa kuka in al'amari ya ɓaci. Waɗansu hakiman kuwa, kamar na ƙasar Suleja da Keffi da Karu, a cikin ƙasarsu ne ma baƙin su ke sauka.

Dalilin da ya sa ma'aikaci ba ya kwana cikin birni

A watan Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta yanke Babban Birnin Tarayya daga ƙasashen da ke kewaye da shi. Sunan ma aro aka yi daga tsohon garin Abuja na Zage-zagi, shi kuma garin ya koma Suleja. Ran 12 ga Disamba 1991 kujerar mulki ta tashi daga Legas ta dawo nan. A shekarun farko gwamnati ita ke gina wa ma'aikatanta gidaje, a Garki da Wuse da Nyanya da Kubwa da sauransu, kamar yadda aka saba da kwatas tun zamanin En'e. Wanda aka kawo aiki, in ya yi haƙuri, ya kan sami makulli.

Wannan zamani ya wuce. A 2003 gwamnatin Shugaba Obasanjo ta canza tsari, ta mayar da haƙƙin gida da na mota kuɗi, ta haɗa su cikin albashi. Daga 2005 aka shiga sayar da gidajen gwamnati da ke Abuja, yawanci ga waɗanda ke zaune a ciki. Sabo da haka dattijon da ya yi aiki a can shekara talatin da suka wuce, in ya ce wa ɗansa ya kwantar da hankali ofis zai ba shi ɗaki, labarin da ya ke ba shi. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara, alhali kuwa hayar ciki da falo a Wuse ko Garki ta ɗara wannan duka. Ƙaramin ma'aikaci dai a birni ya ke yini, a bayan gari ya ke kwana.

Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ta tanadi kuɗin masauki na kwana 28 ga wanda aka ɗauka sabo ko aka yi wa canji. Ya kamata ma'aikaci ya nemi wannan haƙƙi nasa a rubuce tun makon farko. Sai dai kada ya ɗora shirinsa a kai, gama ba kullum ya ke fitowa a kan kari ba.

Hanyoyi uku

Garuruwan da ma'aikata ke zaune sun jeru ne a kan manyan hanyoyi uku. Ta gabas ita ce hanyar Keffi: daga Asokoro a gangara Nyanya da Karu, a ƙetare iyaka a shiga Jihar Nasarawa a Mararaba, sa'an nan Ado da Masaka, har Keffi, wadda ke wajen kilomita 50 daga birni. Ta arewa maso yamma ita ce hanyar Kubwa, inda a ke samun Dutsen Alhaji da Kubwa da Dei-Dei da Zuba, daga nan a shiga Jihar Neja a Madalla da Suleja. Bwari kuma tana can ciki ta wannan ɓangare. Ta uku ita ce hanyar filin jirgin sama, wadda ke bi ta Lugbe, ta kai mutum Kuje da Gwagwalada.

Baƙo ya kan zaɓi unguwa sabo da wani ɗan garinsu yana can, ko don ya ji an ce akwai araha. Abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne ta wace hanya ofishinsa ya fi kusa. Wanda ke aiki a Idu ko Jabi ya kama gida a Masaka, ya ɗaukar wa kansa ratsa birni duka sau biyu kowace rana. Hanyar Keffi ta fi kowace cunkoso: tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a in hanya ta sake, da safe ta kan ci sa'a biyu, shi ya sa mutanen Mararaba su ke fita da an sallame asuba. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tashinsa a watan Mayu 2024. Yana zuwa Idu da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, amma bai bi ta Nyanya da Mararaba ba, inda jama'a suka fi yawa.

Lissafin da a kan manta

Nan ne zuciyar wannan darasi. Dillali kuɗin haya kaɗai ya ke faɗa, baƙo kuma shi kaɗai ya ke ji, don shi a ke biya dunƙule. Sauran kuɗin da gida ke ci kuwa da kaɗan kaɗan su ke fita, kullum, har mutum ba ya lura sai wata ya yi nisa aljihu ya bushe.

Ma'aikaci ya kan je ofis wajen kwana 240 a shekara, in an cire Asabar da Lahadi da hutu. Kowace naira 100 da ta ƙaru a kuɗin mota, zuwa da dawowa ta zama 200 a rana, a shekara ta zama 48,000. A ɗauki misali, don lissafi kawai. Ga gidaje biyu, na nesa ya fi na kusa sauƙi da naira 200,000 a shekara, amma wanda ke zaune cikinsa zai ƙara naira 500 a kowace tafiya. Naira 1,000 ke nan a rana, 240,000 a shekara. Ashe gidan arahar ya fi ɗayan tsada da naira 40,000, ba a ma sa sa'o'in da aka ƙone a hanya ba. In kuma matar gida tana aiki, ko yara suna hawa mota zuwa makaranta, sai a ninka. Magatakarda ya iya yi wa kowane matafiyi wannan lissafi a bayan ambulan cikin minti biyar, da farashin ranar.

Kuɗin haya a tsaye ya ke har shekara ta ƙare, kuɗin mota kuwa ba shi da wa'adi. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a watan Oktoba 2024 ta haura 1,000 a Abuja. Waɗanda suka kama gidajen nesa bisa lissafin farkon 2023 su ne suka fi jin jiki, har waɗansu suka koma kwana a ofis ko wajen abokai, sai ƙarshen mako su je gida. Don haka in lissafin gidaje biyu ya zo kusa da juna, na kusa da wurin aiki shi ne abin kamawa.

Har wa yau a duba nisan gidan daga bakin titi. Da yawa cikin gidajen arahar suna can ƙurya, sai an hau acaɓa ko keke mai ƙafa uku kafin a kai inda a ke samun mota, wannan kuwa wani kuɗi ne dabam, kuma da damina ya kan ƙaru sabo da taɓo. A cikin birni an hana acaɓa tun 2006, sabo da haka wanda motar unguwarsu ba ta kai shi ƙofar ofis sai ya ƙara da tasi ko ya taka.

Sai ruwa. Madatsar ruwa ta Usuma, kusa da Ushafa, ita ke ba birni ruwan famfo, da waɗansu sassan Kubwa da maƙwabtansu. Yawancin sauran unguwanni sun dogara ne ga rijiyar burtsatse da 'yan garuwa masu tura kura. Gidan da ke da burtsatse mai aiki, ko da hayarsa ta ɗan ɗara, ya kan fi wanda za a riƙa sayen jarka kullum sauƙi, balle ga mai iyali. Kada a yarda da ganin tanki a bisa. A buɗe famfo a ga ruwa, a kuma tambayi maƙwabta yadda abin ya ke a watan Maris da Afrilu.

Wutar lantarki an kasa ta aji-aji bisa yawan sa'o'in da a ke bayarwa. Ajin farko, wanda aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana, an ɗaga masa farashi ƙwarai a watan Afrilu 2024. Mai neman gida ya tambayi ajin unguwar, ya kuma ga ko gidan na da mita irin wadda a ke sa wa kuɗi tun kafin a sha. Inda babu ita, ko inda 'yan haya goma ke tarayya a guda, rigima ba ta ƙarewa. Ya nemi a nuna masa takardar biyan wuta ta ƙarshe, don kada ya tarar da bashin wanda ya tashi yana jiransa.

Dillali da mai gida

Al'adar Abuja ita ce a biya hayar shekara ɗaya gaba ɗaya kafin a shiga, waɗansu masu gidaje ma shekara biyu su ke nema ga sabon gini. Bisa wannan akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100 na hayar shekara, da kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, shi ma wajen haka, da kuɗin ajiya na gyaran ɓarna wanda a ke cewa za a mayar ran tashi. Ke nan gidan da aka ce naira 500,000 ne, sai mutum ya riƙe fiye da 600,000 kafin ya karɓi makulli. Wanda bai san haka ba ya kan taho da kuɗin haya cif, ya ƙare da cin bashi tun bai karɓi albashin farko ba. Duk waɗannan ana yin ciniki a kansu kamar kowane kaya, musamman a unguwannin nesa inda ɗakuna ke zaune babu kowa.

Dillanci sana'a ce halal, kuma baƙo ba ya iya yi ba tare da dillali ba, gama baƙo ko da ido makaho ne. Amma a cikinsu akwai maha'inta, hanyoyinsu kuwa sanannu ne. Wani ya kan sa hoton gida mai kyau a waya da farashi mai sauƙi, ya ce masu nema sun yi yawa, a aiko da kafin alƙalami a riƙe. Da kuɗi sun shiga sai lambar ta mutu. Wani ya kan karɓi kuɗin zuwa dubawa ya yi ta yawo da mutum gidajen da ya san ba za su yi masa ba. Mafi muni shi ne mai karɓar hayar ɗaki ɗaya daga hannun mutum uku ko huɗu, sau da yawa a ginin da ba a gama ba, sai ran tarewa su haɗu a ƙofa kowa da rasit. Wani lokaci ma ɗan haya ne mai shirin tashi ya ke shiga rigar mai gida.

Maganin duka ɗaya ne. Kada kobo ya fita sai an shiga ɗakin da ƙafa, an ga mai gida ido da ido ko wakilinsa mai takardar wakilci, an kuma ji daga bakin mai unguwa da maƙwabta cewa lalle gidan nasa ne. A biya ta banki, cikin asusu mai ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya. A je duba gida sau biyu, sau ɗaya da rana, sau ɗaya da magariba, don a ga irin masu zama a kwanar layi da yadda mutane ke dawowa daga aiki. Maganar tsaro ba abin rainawa ba ce: a watan Janairu 2024 an sace mutane daga gidajensu a yankin Bwari, kuma gidajen da ke ƙarshen gari, jikin duwatsu da daji, su ne suka fi zama cikin haɗari, su ne kuma suka fi araha. Wanda ya zo da rani ya dubi gindin bango, ko akwai shatar da ruwa ya bari, ya ga inda kwata ta nufa. A watan Yuni 2023 ambaliya ta shanye gidaje masu yawa a Lugbe, a wurin da aka yi gini kan hanyar ruwa.

Filin da gidan ke kai

Wannan sashe ya shafi hakimai kai tsaye, sabo da doka a nan ta saɓa da abin da aka saba a gida. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara bisa al'ada. A Babban Birnin Tarayya kuwa dokar 1976 ta mallaka wa gwamnatin tarayya ƙasar duka, Ministan Abuja shi ke ba da fili. Sabo da haka takardar cinikin da wani dagaci ya sa wa hannu, kome girmansa a idon jama'arsa, ba ta kare gini ran da hukuma ta zo da motar rusau. Tsakanin 2003 da 2007, sa'ad da Malam Nasiru El-Rufai ke minista, an rushe unguwanni irin su Idu-Karmo da Chika, dubban 'yan haya suka wayi gari a fili da kayansu. Ba a daina rusau ba tun daga lokacin.

Mai gida a irin wannan wuri ya san halin da ya ke ciki, shi ya sa ya ke sauke farashi, ya kuma matsa a biya shekara biyu. In aka rushe, da wuya ɗan haya ya ga kuɗinsa. Jan fenti a jikin bango, ko alamar an shafe shi da sabon farin ƙasa, ya isa gargaɗi. Haka gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko daf da titin da a ke faɗaɗawa. Da an ƙetare iyaka zuwa Mararaba ko Madalla dokar jiha ke aiki, maganar sarakuna da masu unguwa ta fi nauyi a can, ko da ya ke can ma a kan rushe abin da aka gina bisa hanya.

Takarda

Mutanen Arewa da yawa su kan ji nauyin neman rubutu daga dattijo, su ga kamar rashin yarda ne. A garin da mai gida bai san uban ɗan haya ba, wannan kunya asara ce. Yarjejeniya ta faɗi sunayen duka biyu, da kwatancen gidan da yawan ɗakuna, da kuɗin da aka biya, da ranar farawa da ta ƙarewa, da wanda gyaran rufi da burtsatse da yashe masai ke kansa, da yadda za a mayar da kuɗin ajiya. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofe. Abin da mai gida ya yi alkawarin gyarawa a rubuta shi da rana, ko a rage kuɗinsa daga haya. Alkawarin baki ya kan mutu ran da kuɗi suka shiga.

Dokar da ke aiki a Babban Birnin Tarayya ta ce, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai biya wata-wata a ba shi sanarwar wata ɗaya kafin a tashe shi, mai biya shekara-shekara kuwa wata shida. In wa'adi ya cika bai tashi ba sai a ba shi wata ta kwana bakwai, sa'an nan a kai magana kotu. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko kwance rufi ko watsar da kaya da hannunsa. Amma a lura da sharaɗin nan na farko: lauyoyin masu gidaje su kan sa wa'adi gajere a cikin takarda, wanda ya sa hannu kuwa ya yarda ke nan. A karanta kafin a sa hannu. Neja da Nasarawa kowace tana da tata dokar, sai a tambaya a can.

Rasit ya daɗa daraja a yanzu. Dokar haraji ta 2025, wadda aka sa ta fara aiki daga Janairu 2026, ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da a ke yanka masa haraji a kai. Wanda ba shi da shaidar biya ba shi da abin nunawa.

Abin da ke hannun hakimi da magatakarda

A da fatake ba su shiga gari haka kawai, sai sun sauka wajen mai masauki a zango, shi ke tsaya musu a ciniki. Wannan hanya ba ta mutu ba. A kusan kowane gari na kewayen Abuja akwai Sarkin Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, ga kuma sarakunan Gbagyi da Gwandara da Koro da sauran masu ƙasa, waɗanda suka san kowane gida da mai shi. Wasiƙa daga ofishin hakimi, mai faɗin sunan matafiyi da asalinsa da wurin aikinsa, ta kan buɗe masa ƙofar da kuɗi ba su buɗewa, ta kuma kwantar da hankalin mai gida da ke tsoron ba baƙo ɗaki. Yana da kyau magatakarda ya ajiye littafi na 'yan gundumar da ke aiki a can, da unguwar da kowa ya ke, ya riƙa sabunta shi lokacin salla sa'ad da su ke zuwa gida.

Shawarar da ta fi kowace wuyar karɓa ita ce ma'aikaci ya tafi shi kaɗai tukuna. Ya sauka wajen wani na wata ɗaya ko biyu, yana ba da nasa na cefane, ya bi hanyoyin nan da ƙafarsa a lokacin cunkoso, ya ga albashin farko ya san abin da ke shigowa hannu bayan an yanke haraji da fansho. Iyaye da surukai su kan matsa a zo a ɗauki iyali da wuri, wannan matsi kuwa shi ke jefa mutum cikin gidan farko da aka nuna masa. Hakimi ya fi kowa iya yi musu magana su saurara. In akwai 'yan makaranta, a daidaita ƙaura da hutun ƙarshen shekara, don a shiga sabon aji a watan Satumba.

Hakiman da baƙi ke sauka cikin ƙasarsu kuma, su umurci masu unguwanni su san dillalan da ke aiki a wajensu da sunayensu, kada kuma mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida bisa gidan da bai san mai shi ba, ko wanda ya san ana shari'ar gado a kansa. In ƙara ta zo ta ɗaki ɗaya da rasit biyu, wannan zamba ce, ba ta sulhun zaure ba ce. Magatakarda ya ɗauki kofen takardun duka, ya rubuta ranar da aka kawo su, a miƙa wa 'yan sanda.